Asirin shuɗin ruwa

Idan manomi ya manta hauyarsa a gona da damina, bayan 'yan kwanaki sai bakinta ya yi ja. Wannan ita ce tsatsa. Ƙarfe ne ya haɗu da oksijen, wani ɓangare na iskar da ake shaƙa. Jajayen duwatsun da ke gefen Dallol Boso, daga Damana har Filinge, su ma wannan haɗin ne ya ba su launi.

Akwai wani ƙarfe kuma, sunansa molibden. Shi idan ya haɗu da oksijen cikin ruwa, yakan ba da shuɗi kamar na baba a marina. Masana sun san wannan shuɗi fiye da shekara 200, amma sun kasa gane yadda yake a ciki.

Achim Müller ne ya warware wannan asiri. An haife shi a Jamus a 1938. Ya yi karatun kimiyya a Göttingen, ya sami digirin dakta a 1965. A 1977 ya zama babban malami a jami'ar Bielefeld.

Aikin ya yi wuya, domin shuɗin ba ya son rabuwa da ruwa. Dole sai ya daskare kamar gishiri kafin a haska shi da irin hasken da likita yake duba karaya. A 1995 Müller da almajiransa suka samu ya daskare. Me suka gani? Zobe! Ƙwayoyin molibden 154 ne, oksijen ya ɗaure su, suka kewaya kamar ƙafar amalanke, da rami a tsakiya. Sai an jera zobe wajen 20000 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Daga baya suka gano wani mai ƙwaya 132, dunƙule kamar ƙwallo, da wani mai 368. Müller ya rasu a 2024.

Wani ɗan'uwan wannan shuɗi yana yi wa manoma aiki. Ƙasar gonakin gero a Nijar tana da ƙarancin fosfor, abincin da shuka take bukata. Don auna shi, sai a jiƙa ƙasar gona, a tace ruwan, a zuba maganin molibden. Idan shuɗin ya yi duhu, fosfor yana da yawa. Idan ya fito fari-fari, gonar tana neman taki.