Yadda guguwar Helene ta sauya fasalin kogunan wasan kwale-kwale a Amurka

Masu tuƙin kwale-kwale a tsaunukan Carolina ta Arewa sun san kogunansu kamar yadda direban mota ya san ramukan titin garinsu. Kowane gangaren ruwa yana da suna, kuma sun san ta gefen da ake bi da gefen da ke halaka mutum. A ƙarshen watan Satumban 2024, yawancin wannan sani ya tashi daga aiki cikin kwana ɗaya.

Mahaukaciyar guguwar Helene ta afka wa jihar Florida a daren 26 ga Satumba, ta wuce arewa zuwa tsaunukan Appalachia, inda ƙasa ta riga ta jiƙe da ruwan kwanakin baya. A ƙauyen Busick an auna ruwan sama da ya haura inci 30 cikin kwana uku. Kogin French Broad ya kai ƙafa 24.67 a birnin Asheville, ya zarce ambaliyar 1916. Fiye da mutum 100 ne suka rasu a Carolina ta Arewa kaɗai.

A yankin, wasan kwale-kwale sana'a ce. Baƙi kan biya kuɗi su hau kwale-kwalen roba da ake hura wa iska, jagora ya bi da su ta inda ruwa ke gudu yana dukan duwatsu har ya yi farin kumfa. Gwanaye kuma kan shiga ƙaramin kwale-kwale na mutum ɗaya, wato kayak. Ana auna wahalar wurin daga mataki na 1 zuwa na 6.

Abin da ke haifar da irin wannan ruwa shi ne gangara, da ƙuncin hanya, da duwatsun da ke tare shi. Ambaliyar shekara-shekara kan kwashe yashi da tsakuwa ne kawai, ta bar manyan duwatsu a inda suke. Ta Helene kuwa ta mirgina duwatsu masu girman mota. Sannan masana sun ƙirga zaftarewar ƙasa fiye da 2,000, kuma da dama daga cikinsu sun zubo da sabbin duwatsu da itatuwa cikin kwari. Wani wurin da ake tsoro ya lafa, wani da ake wucewa ana hira ya zama tarko.

Tarkon da ya fi tayar wa matuƙa hankali shi ne wanda ruwa ke ratsawa amma mutum ba ya iya wucewa: bishiyar da ta faɗi ta gitta kogi, ko rami a ƙarƙashin duwatsu. Ruwa ya matse mutum a jikinsa, ko da rigar kariya ba lallai ya tsira ba. Yanzu an ƙara da ƙarafa da wayoyi da ɓaraguzan gidaje. Shi ya sa waɗanda suka fara komawa sai da suka riƙa sauka suna duba kowane gangare da ido, kamar baƙi.

A kogin Green, inda tun 1996 ake gasar Green Race a Asabar ta farko ta Nuwamba, ba a yi tseren ba a 2024. Ambaliyar ta lalata tashar wutar lantarki ta Tuxedo, wadda ruwan da take saki ne ke ba matuƙa damar sanin ranar da kogin zai tuƙu. Bayan haka sai jiran ruwan sama.

Kogi kuma bai da amfani ga matuƙi idan ba hanyar isa bakinsa. A kwazazzabon kogin Pigeon, wani sashe na babbar hanyar I-40 ya rufta cikin ruwa, ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris na 2025, shi ma layi ɗaya kowane ɓangare. A wurare da yawa wajen ajiye mota da gangaren da ake sauke kwale-kwale sun tafi da ruwa.

Rikici mafi zafi ya taso ne a kogin Nolichucky, wanda ya cika har aka kwashe mutum fiye da 50 da jirage masu saukar ungulu daga rufin wani asibiti a garin Erwin na jihar Tennessee. Ruwan ya share layin dogon kamfanin CSX da ke bin kwazazzabon kogin. Da kamfanin ya shiga gyara, sai matuƙa suka fara ganin manyan motocin haƙa a cikin kogin suna ɗibar duwatsu.

Layin dogon yana da muhimmanci ga tattalin arzikin yankin, babu mai musun wannan. Amma hujjar matuƙan ma tana da ƙarfi: abin da ambaliya ta watsa, kogi kan sake shirya shi da kansa, dutsen da aka ɗebe aka zuba a ƙarƙashin layin dogo kuwa ya tafi ke nan. A watan Nuwamban 2024 ƙungiyoyin American Whitewater da American Rivers suka kai hukumomin tarayya ƙara, ciki har da rundunar injiniyoyin sojin Amurka, bisa zargin cewa sun bari ana aikin ba tare da kare kogin ba.