Masara da Gero a Gona Ɗaya

Duk mai noma a bakin kogin Kaduna, ta wajen Kakuri, ya san halin masara da gero. Masara sai da taki da ruwa. In damina ta yi kyau ta cika rumbu, amma farin mako biyu ya isa ganyenta ya naɗe. Gero kuwa haƙuri gare shi, yana nan har ruwa ya dawo.

Ɗan tayi ma haka yake. Namiji masara ne: saurin girma gare shi, yana jan abinci sosai daga jikin uwa, kuma shi ne kan fara sarewa in wuya ta zo. Mace ita ce geron. A lokacin kwanciyar hankali, akan haifi maza kusan 105 a kan kowane mata 100 a duniya. In yunwa ko firgici ya afka wa al'umma, sai adadin mazan ya ɗan ja baya. An ga haka a ƙasar Sin bayan yunwar 1959 zuwa 1961, an kuma gani a Kobe ta Japan, wata tara bayan girgizar ƙasar 1995.

Guba ma tana da hannu. A 1976 wata masana'anta ta yi aman guba a Seveso ta Italiya. A gidajen da abin ya fi shafa, daga 1977 zuwa 1984 an haifi mata 48, maza 26 kacal. Da aka bi diddigi, sai aka gano gubar da ke jinin iyaye maza ce sila. Kakuri, unguwar da ta tashi da masaƙar KTL tun 1957, wadda ruwan rinin masana'antunta ya daɗe yana bin magudanar Makera zuwa kogi, bai kamata wannan labari ya wuce ta bayan kunnenta ba.

Duk da haka, kullum mace ake ɗora wa laifi. Uwar miji ta leƙa ɗakin mai jego ta ce, "Ke 'yar nan, sai mata kike zuba mana?" Alhali irin daga ɗanta ya fito, domin maniyyin uba ne ke ɗauke da ƙwayar da ke raba namiji da mace. Wannan kuwa rabo ne daga Allah, ba a sayensa wajen mai magani.

Abin da ke hannun maigida sananne ne: ya ciyar da mai ciki, ya samo ruwa mai tsafta, ya sauƙaƙa mata aiki da ɓacin rai, ya kai ta awo asibitin Gwamna Awan a kan lokaci. Wanda ya sauke wannan nauyi, ko me aka haifa sai ya yanka rago da farin ciki.