Jirgin TER na Dakar: abin da ya mayar mini, da abin da ya karɓe wa wasu



Akwai sunan da autata ta sa mini tana 'yar shekara biyar, wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Wata ranar Lahadi ina zaune a tsakar gida, sai na ji ta ce da uwarta, "Inna, baƙon Lahadi ya sha shayinsa?" Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Amma da dare barci ya gagare ni, domin yarinyar gaskiya ta faɗa. Ina fita tana barci, ina dawowa tana barci. Ran Lahadi kaɗai take ganin fuskata da rana.

Ni mutumin ƙasar Maraɗi ne. Na shigo Dakar ina saurayi, na fara da taya wani dattijonmu gashin nama, irin wanda mutanen Senegal ke kira dibi hausa. Daga baya Allah ya buɗa, na kama shago a wajen kasuwar Colobane, ina sayar da turare, huluna da kayan fata. Da na kawo iyali, hayar cikin gari ta fi ƙarfina, sai muka koma Rufisque. Tsakanin gidana da shagona bai kai kilomita 30 ba, amma wallahi shekara da shekaru wannan 'yar tazara ta cinye mini rabin rayuwa.

Me ya sa Dakar take shaƙewa

Wanda bai san garin ba, to ya ɗauka kamar tulu ne mai ƙaramin baki. Teku ta kewaye Dakar ta gefe uku, hanyar shiga ta tudu ɗaya ce, ta gabas. Kasuwanni, tashar jiragen ruwa, ma'aikatu da manyan asibitoci duk suna can ƙuryar tulun. Talakawa kuwa suna bakinsa da wajensa: Pikine, Guédiawaye, Thiaroye, Yeumbeul, Rufisque. Yankin Dakar na ɗauke da mutum wajen miliyan 4, a fili da bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar Senegal ba. Da safe kowa ya nufi ciki, da yamma kowa ya nufi waje, ta ƙofa guda.

A wancan lokaci nakan bar gida kafin kiran assalatu, in yi asuba a masallacin bakin tasha, in shiga farar motar nan Ndiaga Ndiaye ko bas ɗin Tata. In an yi sa'a awa ɗaya da rabi, in ba a yi ba awa biyu har da ɗori. Da damina kuwa, in ruwa ya kwanta a hanya, sai dai haƙuri. An buɗe babbar hanyar biya a 2013, ta rage wani abu, amma motar talaka ba kullum take binta ba.

Jirgi ba baƙo ba ne a nan

Kada wani ya ɗauka TER ne farkon jirgin ƙasa a Senegal. Tun 1885 Turawan Faransa suka buɗe dogo daga Dakar zuwa Saint-Louis. Daga baya aka haɗa wanda ya tafi har Bamako, wanda dattawan fatake da yawa suka bi da goro da tufafi. Tsohuwar tashar Dakar mai kyan ginin nan ma ta haura shekara ɗari.

A 1987 aka fara wani ƙaramin jirgi na 'yan unguwannin waje, ana kiransa PTB. Na shige shi ba sau ɗaya ba. Araha gare shi, amma sai mai ƙarfin zuciya: ƙofofi a buɗe, samari na lilo a jiki, ga shi safe da yamma ne ya fi zirga-zirga. A Thiaroye mata na baza kayan miya har bakin dogo. Jirgi ya yi kuka su janye faranti, ya wuce su mayar. Haka aka rayu.

Yadda sabon ya zo

A watan Disamba 2016 shugaba Macky Sall ya aza harsashin TER. A Janairu 2019 aka yi bikin nuna shi, ana dab da zaɓe, sai mutane suka yi ta zolaya cewa jirgin kamfe ne, tunda bayan bikin ba wanda ya hau. Sai ranar 27 ga Disamba 2021 ya fara ɗaukar jama'a, kwanakin farko ma kyauta.

Kashin farko kilomita 36 ne, daga Dakar zuwa sabon garin Diamniadio, da tashoshi 13. Na rubuta su kamar yadda suke a allo, don mai zuwa ya gane: Dakar, Colobane, Hann, Dalifort, Baux Maraîchers, Pikine, Thiaroye, Yeumbeul, Keur Mbaye Fall, PNR, Rufisque, Bargny, Diamniadio. Baƙon da ya sauka daga motar wata ƙasa ya riƙe sunan Baux Maraîchers, domin nan ce babbar tashar motocin nesa, jirgin kuma yana tsayawa kusa da ita.

Kamfanin Alstom na Faransa ne ya ƙera jiragen, guda 15 aka fara da su, kowane da tarago huɗu. Da lantarki suke tafiya, suna kuma iya aiki da man gas. Dogon ya fi na da faɗi, shi ya sa aka shimfiɗa sabo fil, aka bar layi guda mai tsohon faɗi a gefe saboda jiragen kaya. Kuɗin da aka bayyana na kashin farko sefa biliyan 780 ne, kuma da yawansa bashi ne daga Bankin Musulunci, Bankin Raya Afirka da Faransa. Kashi na biyu, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022, kilomita 19 ne daga Diamniadio zuwa filin jirgin sama na Blaise Diagne.

Lissafin ɗan kasuwa

To, mu dai mutanen lissafi ne. Farashin da aka buɗe da shi: daga Dakar zuwa Thiaroye sefa 500, dala ɗari ke nan a bakinmu. Zuwa Rufisque jika guda. Zuwa Diamniadio jika da rabi. Taragon manya kuwa jika biyu da rabi. A ranakun aiki kusan kowane minti 10 akwai jirgi, tun daga wajen biyar da rabi na asuba har goman dare.

Ni zuwa da dawowa jika biyu ke nan kullum. A kwana 26 ya kama jika 52. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, ya fi abin da nake ba motar haya nesa ba kusa ba. Wata biyu ina jan ƙafa. Maiɗakina ce ta kashe maganar. Ta ce, "Malam, kai da kake ƙirga dala, ka taɓa ƙirga awa?" Na ɗauki biro. Awa uku zuwa huɗu nake zubarwa a hanya kowace rana. A jirgi, daga Rufisque zuwa Colobane wajen rabin awa ne. Wato kowace rana ana mayar mini da awa biyu ko fiye.

Ga abin da na yi da su. Ina yin asuba a masallacin unguwarmu, in karya tare da yara, in raka auta har ƙofar lakwal, duk da haka in buɗe shago kafin tara. Da yamma ina riskar isha'i a gida. A nan ne na gano ɗana na tsakiya ya yi wata uku yana tsallake makarantar allo, ba wanda ya sani. Da ina cikin mota a Pikine a wannan lokaci, da sai labari ya lalace kafin in ji. Wannan kaɗai ya biya ni jika hamsin ɗin.

Amma ba kowa ya ci riba ba

In na tsaya nan, na yi rabin gaskiya. Jirgi mai gudu irin wannan ba ya haɗa hanya da mutane, don haka aka katange dogon hagu da dama. Unguwar da da taku goma za ka yi ka gaida maƙwabci, yanzu sai ka zagaya ka nemi gadar ƙafa, ka hau ka sauka. Tsohuwa da mai ɗauke da kaya a ka su suka san zafin wannan.

Sannan an rushe gidaje da rumfuna masu yawa, dubban mutane abin ya shafa. Har ƙungiya suka kafa, suka kai kuka gaban bankunan da suka ba da bashin, a kan cewa diyyar ba ta kai asarar ba. Wani abokina, ɗan ƙasarmu, shekara goma sha yana sayar da albasa a rumfar da ya kama haya da baki kawai, ba takarda. Ranar da aka zo ƙidaya yana gida wajen jana'izar mahaifinsa. Mai rumfar ya shiga lissafi, shi bai shiga ba. Da ya dawo, ba rumfa, ba masu saye, ba shaidar da zai nuna. Yau a baro yake talla. Duk ranar da jirgi ya ratsa wajen ina zaune cikin sanyi, sai in tuna a kan wurin cin abincin wani nake tafiya.

Abu na uku, wannan jirgin mutane ne, ba na kaya ba. Jakar hannu ko ƙaramin ƙunshi ba laifi, amma dila, buhun albasa ko ragon Layya, sai ka koma wa mota. Ni dabarar da na yi, na kama ɗan ɗaki kusa da shago na ajiya. Kaya su kwana a gari, ni in kwana cikin iyalina. Da safe da yamma kuma ana cika maƙil, sau da yawa a tsaye za ka tafi, kuma in tasharka da nisa daga gida, sai ka ƙara kuɗin ƙaramar mota. Shi ma a sa shi a lissafi.

Ga 'yan uwa na sauran garuruwa

Ban rubuta wannan don mutanen Dakar kaɗai ba. A Abijan ana gina layin da zai tashi daga Anyama ya bi ta Abobo da Adjamé zuwa Port-Bouët, inda 'yan uwanmu suke da yawa. A Legas jan layi ya fara aiki a 2024, yana bi ta Agege. Abin da ya same mu zai iske ku, daɗinsa da ɗacinsa.

Don haka ga shawarar wanda ya gani. In rumfarka ko ɗakinka na kusa da dogo, yau ɗin nan ka nemi takardar haya a rubuce, ka adana rasiɗin harajin kasuwa, katin zamanka ya zama da rai. In ka ji ana ƙidaya, kada ka yi tafiya sai ka bar wakili da takardunka. In kuma kana neman gidan da za ka sa iyali, ka duba inda tasha za ta faɗo tun kafin jirgi ya fara, domin yana farawa masu gida za su farka. A unguwarmu na ga haka da idona. Na ƙarshe, kada ka ƙirga kuɗin tike kaɗai. Mun baro gida ne don iyali, to ina amfanin neman da zai sa 'ya'yanka su san aljihunka ba su san fuskarka ba?

Auta ta girma yanzu, ta manta ma da sunan da ta sa mini. Jiya da magariba ina shigowa ta tare ni a ƙofa da littafin lissafi, wai malaminsu ya ba su aikin gida mai wuya. Na ajiye jaka, muka zauna a kan tabarma.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.