Tsoron zuwa asibiti da tsoron komawa gida

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga masu tallafa wa ƙungiyoyinsu. Daidai lokacin, wasu masu bincike na bibiyar lafiyar maza 707 masu neman maza a wani asibiti a Abuja. Kafin dokar, kashi 25 cikin ɗari ne suka ce suna tsoron zuwa neman magani. Bayanta, suka kai kashi 38, kamar yadda mujallar Lancet HIV ta wallafa a 2015. Dokar ba ta ambaci asibiti ba. Amma kallon ma'aikaciyar jinya da raɗa a layin karɓar kati sun isa su hana mutum zuwa. Wanda kuwa tsoro ya sa ya bar shan maganin ƙanjamau, ƙwayar cutar na ƙaruwa a jininsa, yaɗa ta ya yi sauƙi. Idan yana da mata a gida, ita ma abin ya shafe ta.

Ilan Meyer, masani a Amurka, ya yi bayanin abin a 2003. A cewarsa, yawan damuwa da ƙuncin da ake gani a irin waɗannan mutane tsangwama ce ke haifar da shi: zagi da duka, zaman ɗar-ɗar, wahalar ɓoye kai, sai kuma tsanar kai, wadda mutum kan koya daga bakin jama'a. Tun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gida. Wata mai bincike, Caitlin Ryan, ta yi nazarin matasa 224 masu sha'awar jinsi a Kalifoniya, ta wallafa a 2009. Waɗanda iyayensu suka yi wa ƙyama mai tsanani sun ninka waɗanda ba a ƙyamace su ba ko aka ƙyamace su kaɗan fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Ƙyamar ba lallai kora ba ce. Hana yaro zama cikin dangi ranar biki, ko maimaita masa "ka zubar mana da mutunci", duk suna ciki. Har iyaye masu riƙo da addini Ryan ta yi aiki da su; ba ta nemi su sauya aƙida ba, ta dai nuna musu kalaman da ke kai ɗa ga halaka.

Irin wannan bincike alaƙa kawai yake nunawa, ba sababi ba, kuma matasa 224 ba su da yawa. Sai dai a jihar Oregon, cikin ɗalibai kusan 32,000, wani mai bincike, Mark Hatzenbuehler, ya ga abu makamancinsa a 2011: a gundumomin da ba su da sassauci, haɗarin yunƙurin kashe kai ga irin waɗannan matasa ya fi na sauran gundumomi da kashi 20 cikin ɗari.