Bayan kifi ya mutu a tabki: abin da ke dawo da ranar su a Gidan Runji, Agye da Gazawa

Wanda ya tashi a ƙauyukan bakin gulbi ya san ranar su: samari da homa da gora, yara da kwanduna, kowa na jiran a ba da izini a faɗa ruwa. Rabin abin wasa ne, don wanda ya fito da tarwaɗa mafi girma sai ya yi mako ana labarinsa. Sai dai akwai shekarar da ba a kaiwa ga ranar. Wata asuba ta watan Afrilu ko Mayu a iske kifi birjik a saman tabki, ciki sama, wari ya cika gari.

Mutane kan ce an zuba guba, kuma wani lokaci haka ne, domin akwai masu kamun kifi da maganin ƙwari. Amma galibi zafi ne. Ruwan da ya janye ya ɗumama ba ya riƙe iskar oksijin sosai, gansakukar da ke cikinsa kuma tana shanye sauran da dare, shi ya sa mutuwar ta fi zuwa gab da wayewar gari. Ruwan farko na damina ma kan yi irin wannan ɓarna, idan ya kwaso kashin dabbobi da shara ya zuba a tabki suka ruɓe.

Ba kowane kifi ke tafiya ba. Giwan ruwa na cikin masu fara mutuwa, karfasa ta ɗan jure kafin ta bi. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, gaiwa kuwa huhu gare ta: ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni har ruwa ya dawo. Don haka tabkin da aka bari ya farfaɗo da kansa yakan koma na gaiwa da tarwaɗa kusan zalla.

A da gulbi ne ke gyara wannan. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jibiya, Madarumfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Idan ya yi ambaliya sai ya shiga fadamu da tabkuna ɗauke da 'ya'yan kifi. Tun da aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, zuwan ruwan ya dogara da abin da aka saki daga can, ga kuma rairayi da ke cike hanyoyin da yake bi. Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan, amma yarjejeniyar takarda ba ta kai kifi tabki. Agye da Gazawa sun fi shiga matsi, domin Gulbin Kaba da ke yankinsu ya fi suna da goriba fiye da ruwa. Tabkunansu na damina ne, da yawa kan ƙafe kafin rani ya yi nisa.

Abin da ya rage shi ne zuba iri da hannu. Ma'aikatan ruwa da gandun daji kan kwaso ƙananan karfasa da tarwaɗa daga ruwan da ba ya ƙafewa, irin tafkin Madarumfa, su zuba bayan damina ta zauna. Karfasa tana riƙe ƙwanta a baki har ya ƙyanƙyashe, kuma cikin wata shida ko makamancin haka 'ya'yan sun isa haihuwa, saboda haka tabki kan cika da wuri idan an ƙyale shi.

Ƙyalewar ce ke da wuya. A Argungu, inda ruwan Rima ke wucewa, an fara bikin kamun kifi a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya kuma dawo a watan Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Sirrin manyan kifayen da ake ɗagawa a Matan Fada shi ne hana taɓa ruwan sauran watannin shekara, ƙarƙashin Sarkin Ruwa. Ƙaramin tabki a ƙasar Gidan Runji ba shi da masu gadi irin na Argungu. Yana da mai gari da masunta kaɗan, da matasan da rabinsu ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya lokacin da ake bukatar tsaro. Gidan sauro guda da aka ja cikin dare a watan Satumba yana iya kwashe irin da aka zuba, tun kifin bai kai tsawon yatsa ba.