Nisan Kano Da Maiduguri A Jirgin Sama

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin saman Maiduguri, nisan ya kai kimanin kilomita 500. Amma a mota, tafiyar ta kusa kilomita 600.

Me ya kawo bambancin? Hanyar mota tana da kwana-kwana. Sai ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Shi kuwa jirgi ba ruwansa da gada ko kogi, miƙewa yake yi sak. Cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka ya sauka. Mai mota kuwa sai ya kusan wuni a hanya.

Sai dai ba kowane jirgi ne ke zuwa kai tsaye ba. Wani sai ya bi ta Abuja. Idan haka ta faru, nisan ya haura kilomita 1,000, wato ya ninka. Ga zaman jiran jirgi na biyu, ga ƙarin kuɗi. Shi ya sa mai kai mara lafiya asibiti yake fara tambaya kafin ya sayi tikiti: "Jirgin nan kai tsaye zai je, ko ta Abuja?"