Yini Guda a Bakin Ruwan Tiga

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu bakin ruwan Tiga, mu ga yadda magidanci zai fita da iyalinsa su yini a can, su dawo kafin magariba.

Daga birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce. In an ɗauki hanyar Zariya za a ratsa Kura da Kadawa, to a nan ya kamata a fara nuna wa yara gonakin shinkafa da tumatir, domin ruwan da za su je gani shi ke shayar da su. Gwamnatin marigayi Audu Bako ce ta datse Kogin Kano, aka kammala aikin a 1974, kuma tun daga lokacin noman rani ya kankama a wannan yanki.

A yi sammako, don a riski masunta suna dawowa. Ku tsaya ku ga yadda mai birgi ke naɗe komarsa a dantse, ya juya jiki, ya watsa ta ta buɗe a kan ruwa kamar faifai. Yaron da bai san kifi ba sai a cikin miya, a nan zai rarrabe karfasa da tarwaɗa, ya taɓa gashin bakin tarwaɗar da hannunsa. A saya a wurin masuntan, a kai wa masu suya, a barbaɗa yaji.

Amma fa a tuna, wurin shaƙatawarku wurin neman abincin wasu ne. A yi sallama, a gaida dattawa, a tambayi Sarkin Ruwa ko wakilinsa inda ya dace a sauka. Kada a ɗauki hoton matan da ke wanki, kada a tsallake taru da aka shanya.

In rana ta take, sai a shimfiɗa tabarma a inuwa, a fito da dambu da zoɓo. Maza su yi langa, 'yan mata su yi carafke, manya su haƙa gurbin dara a ƙasa. Masu son kallon tsuntsaye kuwa, ga zalɓe ga balbela a gefen ruwa.

Sai batun kwalekwale, wanda shi yara suka fi ɗoki. Jama'ar Kano ba su manta da hatsarin Bagwai na watan Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Saboda haka ba rigar kariya, ba shiga. In jirgi ya cika, a jira sahu na gaba. Wanka ma a haƙura da shi, domin ruwa kwantacce mai dodon koɗi shi ke yaɗa tsargiya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, ruwa ya cika, hunturu bai kankama ba. Da la'asar sakaliya a tattara ledoji da robobi a tafi da su.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.